Yadda Ake Kallon Tsuntsaye da Namun Daji a Tafkin Dagona

Karon farko da na je Dagona kallon tsuntsaye, da hantsi na isa, cikin farar shadda, ni da abokina muna ta surutu kamar a tashar mota. Ba mu ma kai bakin ruwa ba garken kirinjijiya ya tashi gaba ɗaya, suna ta fito a sama, suka je can tsallake suka sauka inda ido ba ya iya rarrabe komai. Wani dattijo da ke gyaran komarsa a gindin giyayya ya ɗago kai ya dube mu, ya ce, "Samari, kallo kuka zo ko kora?" Ranar ban rubuta sunan tsuntsu ko biyar ba, kuma biyu daga ciki balbela ce da hankaka, waɗanda da na zauna a ƙofar gida ma zan gani.

Dagona ƙaramin tafki ne a ƙaramar hukumar Bade ta jihar Yobe, cikin dausayin Haɗejiya zuwa Nguru. Tsohuwar hanyar kogi ce da ruwa ya bari, ya zama yana cika idan ambaliyar damina ta zo, yana janyewa sannu a hankali cikin rani. Yana cikin Gandun Dajin Ƙasa na Tafkin Chadi da aka kafa a 1991, kuma a 2008 aka sa shi cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar, da faɗin hekta 344. Ƙaramin wuri ne ƙwarai idan aka gwada shi da dausayin Baturiya na jihar Jigawa. Ƙanƙantar nan ita ce amfaninsa ga mai koyo: za ka iya sanin kowace kusurwa tasa, ka san bishiyar da zalɓe ke kwana, ka lura idan wani abu ya sauya. Kuma ba daji ba ne da aka kori mutane daga cikinsa. Ƙauyuka na kewaye da shi, akwai masunta, makiyaya da manoman fadama. Duk abin da zan faɗa a nan zai yi maka aiki a kowace fadama ko kurmin gari da mutanen wuri ke karewa.

Fara da zaɓen wata

Ruwa ne ke tsara komai. Kogin Haɗejiya da na Jama'are su ke kawo shi, ambaliya takan kai ƙarshen cikarta wajen watan Satumba, daga nan ta fara ja da baya. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, yawan ruwan da ke isowa ya dogara har da abin da aka saki daga madatsun, shi ya sa wata shekara tafkin kan daɗe da ruwa, wata shekara ya ƙafe da wuri. Kafin ka kashe kuɗin mota, ka buga wa wani na yankin waya ka tambaye shi inda ruwa ya tsaya.

Idan baƙin tsuntsaye kake so, daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne lokacinka, Janairu kuwa shi ne tsakiyar biki. A lokacin ne agwagin daji da ƙananan tsuntsayen bakin ruwa da suka yi ƙwai a Turai da yammacin Asiya suka riga suka tsallako Sahara, ruwa kuma ya ragu ya tara su wuri ɗaya. Matsalar lokacin ita ce hazo. Ranar da hunturu ya yi kauri, launi yakan ɓace, kowane tsuntsu ya koma toka-toka. Idan kana da hali ka ware kwana biyu ko uku, don kada rana ɗaya mai ƙura ta cinye maka tafiya.

Damina ma tana da nata. Shamuwa kan iso gab da saukar ruwan farko ta yi sheƙa a bishiyoyin cikin gari, balbela ta yi ado da gashi ruwan ƙasa a ka da ƙirji, ƙananan tsuntsayen da duk rani ba ka kula su ba su rikiɗe su zama ja da baƙi ko rawaya. Sai dai hanya takan yanke, sauro kuma ba ya wasa. Mai koyo ya fara da rani.

Izini, sannan gaisuwa

Wurin yana ƙarƙashin hukumar gandun daji, saboda haka ka fara neman ma'aikatanta ka sanar da su zuwanka, ka biya abin da doka ta ce, ka karɓi rasit. Ka tambaye su halin tsaro a makon da za ka je, kuma ka bi abin da suka ce ko da bai yi maka daɗi ba.

Bayan wannan akwai izini na biyu wanda ba a rubuta shi a takarda. Ka je ka gai da bulama ko mai unguwa, ka faɗi sunanka da garinku da abin da ya kawo ka. Baƙon da aka gani yana raɓe-raɓe a bayan gari da asuba, da wani abu manne a ido, yana rubutu a littafi, dole a yi masa wani zato. Minti goma na gaisuwa ya raba ka da wannan. Kuma da ɗan gari akan ci gari: ka roƙi a haɗa ka da wanda ya san wurin, masunci ko yaron da ke kiwo, ku yi tsadar abin da za ka ba shi tun kafin ku fita. Ni dai ban taɓa yin asarar wannan kuɗin ba. Mutumin da ya yi shekara talatin yana jefa koma a ruwa ɗaya ya san inda dinya ke sauka da yamma fiye da duk wani littafi.

Wani abu da ya kamata ka riƙe a zuciya: ba kowa ke kallon tsuntsu da idon da kake kallonsa ba. Manomin da tsuntsayen jan-baki suka sauka wa a gonar shinkafa ko gero, suka bar masa kara, ba ya bukatar wa'azinka kan kyawun halitta. Ciyawar kacala da ta toshe hanyoyin ruwa a yankin ita ce makwancin waɗannan tsuntsaye, kuma mutane na fama da su biyun. Ka saurara, ka jajanta, ka yi tambaya. A irin wannan hirar ce za a gaya maka abin da ba ka ma san za ka tambaya ba.

Abin da za ka ɗauka

Kaya masu launin ƙasa, ko kore mai duhu, ko toka. Ban da fari, na riga na biya maka kuɗin wannan darasin. Takalmi rufaffe, dogon wando mai kauri, rigar sanyi don asubar Janairu, malafa, gorar ruwa, da ɗan abin taɓawa kamar dabino ko ƙuli-ƙuli.

Madubin hangen nesa shi ne babban kayan aiki. Za ka ga an rubuta lambobi biyu a jikinsa, misali 8x42. Ta farko tana nufin sau nawa yake kusanto da abu, ta biyu faɗin gilashin gaba ne a milimita, wato yawan hasken da yake sha. Wannan girman ya ishi kowa. Kada mai shago ya ruɗe ka da wanda aka ce yana kusantowa sau 20 ko 30, hannu ba ya iya riƙe shi ba tare da rawa ba, kuma kafin ka laluɓo tsuntsun ya tashi. Idan na gwanjo za ka saya, ka duba wayar lantarki ko bakin rufin kwano da shi: in layin ya rabu biyu, ajiye shi, ciwon kai zai sa maka. Ka gyara shi daidai idonka tun a gida. Rufe idon dama, juya ƙugiyar tsakiya har abu ya fito sarai, sannan rufe na hagu ka juya zoben da ke kan idon dama. Shi ke nan, daga nan ta tsakiya kawai za ka riƙa taɓawa.

In ba ka da shi, kada ka fasa zuwa. Manyan tsuntsayen ruwa ido ma ya isa.

Sai ƙaramin littafi da fensir. Fensir na ce, don biro yana zuba idan ruwa ya taɓa takarda. Waya mai caji cikin leda. Sannan carbi, zan gaya maka amfaninsa nan gaba.

Yadda ake isa bakin ruwa

Ka yi sallar asuba ka fita, ya zama gari na wayewa kana wurin. Awa biyu zuwa uku na farko su ne ribar ranar. Da rana ta take, tsuntsaye kan lafe, iska mai zafi ta sa komai ya riƙa rawa a madubi. Daga la'asar zuwa magariba harka takan sake tashi.

Ka sa rana a bayanka. Da safe ka tsaya gabas da ruwan kana duban yamma, da yamma ka juya. In ka fuskanci rana, inuwa kawai za ka gani. Kada ka nufi garke kai tsaye, ka riƙa tafiya a karkace kamar mai wucewa, kana fakewa da gabaruwa ko goruba, kana tsayawa bayan kowane taku ashirin. Kada ka hau kan tudu ka tsaya ƙiƙam sama na bayanka, daga nesa za a hango ka. Kada ka nuna tsuntsu da miƙa hannu. In kuna biyu, ka ce a hankali, "Bishiyar nan da ta bushe, reshen dama, na biyu daga sama."

Akwai ɗan sanda a wurin, shi ne zakaran ƙeƙuwa. Fari da baƙi ne da bayansa ruwan ƙasa, yana tsaye a bakin taɓo, da ya gan ka zai tashi yana ƙara mai kaifi yana zagaye kanka, duk tafkin ya ji. Ba ka da yadda za ka yi da shi sai haƙuri. Ka sami gindin bishiya, ka duba ƙasa da kyau, ka zauna, ka yi shiru minti goma sha biyar. Za ka ga abin mamaki: wurin da ka tarar fayau zai fara cika. Alamar cewa ka matsa da yawa kuwa ita ce tsuntsaye su daina kiwo, su ɗaga wuya gaba ɗaya. Da ka ga haka ka tsaya, ko ka ja baya. Baƙin nan da suka tsallako hamada kitse suke tarawa na komawa gida a Maris, duk tashin da ka sa su yi daga guzurinsu ka ɗiba.

Gane tsuntsu

Nan ne mafi yawan masu farawa ke karaya, don suna fara duban launi. Launi shi ne na ƙarshe. Ka fara da girma, kana gwada shi da wanda ka sani: ya kai kanari, ko kurciya, ko hankaka, ko zabo? Sai baki: dogo ne ko gajere, miƙaƙƙe ko lanƙwasasshe, siriri na cin ƙwari ko kakkaura na fasa tsaba? Sai ƙafa da wuya. Sai abin da yake yi da inda yake yin sa. In ka amsa waɗannan huɗun, ka rage zato daga ɗari zuwa biyar.

Ɗauki misali. Dogon tsuntsu mai dogon wuya yana tsaye cikin ruwa kamar an dasa shi. Zalɓe ne ko dangin shamuwa? Jira ya tashi. Zalɓe da balbela sukan naɗe wuya idan suna tashi, dangin shamuwa kuwa sukan miƙe shi, sai borin-tinke da ya fita zakka, shi ma naɗewa yake yi. Jinjimi fari ne da baƙin kai marar gashi, bakinsa a lanƙwashe ƙasa kamar lauje, yana caka shi cikin taɓo. In ka ga wani baƙin ƙaramin zalɓe ya buɗe fukafukai ya rufe kansa da su kamar laima, ba ciwo yake ba, inuwa yake yi wa ƙananan kifi su taru ya tsince su.

A cikin agwagi, kirinjijiya ce mafi sauƙi: farar fuska, dogon wuya, tsayuwa a miƙe, da fiton nan nata mai gaɓa uku wanda in ka ji sau ɗaya ba ka mantawa. Dinya ƙatuwa ce, baƙa da farin ciki da jan baki, tana da ƙaho a gaɓar fiffike. Akwai wata mai farin wuya da ɗigo-ɗigon baƙi, namijinta na da wani tudu a kan baki. Waɗannan duk 'yan gida ne. Baƙuwar da ta fi yawa ƙarama ce, ba ta kai rabin dinya ba, ruwan ƙasa, kuma wajen Fabrairu namijin kan fito da farin layi daga saman ido zuwa ƙeya kamar an ja masa alli. Wata baƙuwar kuma siririya ce mai dogon wuya, wutsiyar namijin tsini gare ta.

Ka ba ganyen bado lokaci. Akwai tsuntsu mai jiki ja-ja, farin wuya da shuɗin goshi, yana tafiya a kan ganyen kamar a daɓe. Dubi yatsunsa, sun kusa kai tsawon ƙafarsa, su ke raba nauyinsa. A wannan gidan namiji ne ke kwanci da reno, in haɗari ya zo ya kwashe 'ya'yan a ƙarƙashin fiffike ya gudu da su, ƙananan ƙafafu na reto. Na taɓa ɓata kusan awa guda a kan guda ɗaya, ban yi nadama ba.

Ƙananan masu dogayen ƙafafu da ke bin gefen taɓo, su ne jarrabawa. Kusan duk ruwan ƙasa ne a sama, fari a ƙasa. Kada ka matsa wa kanka. Ka zana abin da ka gani ko da zanen bai yi kyau ba, ka ja kibiya ka rubuta "ƙafa ja", "baki ya ɗan lanƙwasa sama", "farin baya idan ya tashi". Ka rubuta kafin ka buɗe littafin hotuna ko manhajar waya. In ka buɗe tukuna, idonka zai fara ganin abin da ke cikin hoton, ba abin da ke gabanka ba.

Sannan ka juya wa ruwan baya ka dubi itatuwa. Cilakowa da tashinta na sama-ƙasa, tsirya kore mai doguwar wutsiya tana wucewa da ƙara, ragon-maza yana gurnani a cikin duhuwa kamar ana tsiyaye ruwa daga tulu, bardo a kan hanya, hasbiya a goruba, fakara tana kiran safiya. Gawo yana da ganye da rani lokacin da wasu suka zubar, shi ya sa ƙananan baƙi masu cin ƙwari ke taruwa a kansa. In kuma ka ga duk agwagi sun tashi ba gaira ba dalili, ɗaga kai, akwai mai farauta a sama.

Batun suna yana da tarko. Yankin akwai Badawa, Mangawa, Fulani da Hausawa, kuma ko cikin Hausa suna ɗaya kan rufe tsuntsaye da yawa: zalɓe ba iri ɗaya ba ne, haka shaho, haka kurciya. Ka rubuta sunan da ɗan rakiyarka ya faɗa daidai yadda ya faɗe shi, da harshen da ya fito, sannan ka ƙara bayanin kamanni. Wannan ma wani aiki ne mai daraja, don da yawa daga cikin sunayen nan tsofaffi kaɗai suka rage da su.

Ƙidaya

"Suna da yawa" ba ƙidaya ba ce. In garken bai wuce hamsin ba, ƙirga ɗaya-ɗaya. In ya fi haka, ƙirga goma daga gefe ɗaya, ka riƙe girman wannan gungun a ido, sai ka riƙa aza shi a kan sauran kamar mai awon hatsi da mudu. In dubbai ne, gungunka ya zama hamsin ko ɗari. Nan carbi ke shigowa: kowane gungu ka ja ƙwaya ɗaya, idonka bai bar madubi ba. Da ka kai ƙarshe ka duba ƙwaya nawa ka ja.

Ka ƙirga sau biyu, daga hagu zuwa dama, sannan daga dama zuwa hagu. In kuna biyu kowa ya yi nasa a ɓoye, ku gwada. Yawanci mai farawa yakan rage wa babban garke, don na baya suna ɓuya a bayan na gaba. In garke ya tashi ya sauka wani gefen da ba ka kai ba tukuna, ka lura, kada ka ƙirga shi sau biyu. Abin da ka kimanta ka sa masa "kimanin", abin da ka ƙirga ɗaya-ɗaya ka rubuta lambar yadda take.

Masu ƙafa huɗu da masu ja da ciki

Kada ka zo da tsammanin Yankari. Manyan namun daji sun yi ƙaranci a yankin tun da daɗewa, waɗanda suka rage kuma yawancinsu da dare suke fita. Abin da za ka fi gani da ido shi ne guza tana shan hantsi a kan kututture, ta faɗa ruwa da ƙara in ta ji motsinka, da kurege yana tsallake hanya wutsiya a sama, da zomo da ka kusa takawa. In da rabo, jan biri a gefen gona.

Sauran sai ta sawu. Taɓon da ruwa ya janye daga kansa jiya shi ne allonka, kuma da sassafe ake karanta shi, lokacin da hasken rana ke zuwa a kwance yana fito da kowane ɗan rami, kafin shanu su sauko su tattake. Sawun guza ba ya ɓuya: faratai a gefe biyu, jan wutsiya a tsakiya. Dangin kare farcensu na fita a sawu, dangin kyanwa ba ya fita. Amma raba sawun dila da na karen makiyayi aiki ne mai wuya, in ba ka tabbata ba rubuta "dangin kare" ka wuce. Ka ajiye fensir ko akwatin ashana a gefen sawun kafin ka ɗauki hoto, don a san girmansa. Ka duba kashi, ramuka, ƙayar beguwa da ta zube, saɓar maciji. Kada ka sa hannu a rami.

Ka tambayi dattawa abin da suke gani da suna yara wanda yanzu babu, ka rubuta shi a shafi daban, ka sa "an ce". Abin da ka gani da abin da aka gaya maka kada su taɓa haɗuwa a layi ɗaya.

Kiyaye kanka

Kada ka shiga ruwan da ke kwance da ƙafa tsirara, tsargiya na nan. Kububuwa takan kwanta a busasshiyar ƙasa da gindin ciyawa, launinta ɗaya da wurin, shi ya sa na ce takalmi rufaffe, kuma ka duba kafin ka zauna. In tsautsayi ya faɗa, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau, a hana gaɓar motsi a nufi asibiti. In ka tarar da matattun tsuntsaye da yawa wuri ɗaya, kada ka taɓa, kada ka bari yara su kwasa. Murar tsuntsaye ta shigo Najeriya tun 2006. Ka sanar da ma'aikatan gandun ko malamin dabbobi. In kwalekwale za ku shiga, ka zauna inda mai shi ya ce, kada ka miƙe don tsuntsu ya tashi.

Rubutun da ke mai da yawo aiki

A saman kowane shafi: kwanan wata, wurin da ka tsaya, ƙarfe nawa ka fara, ƙarfe nawa ka gama, ku nawa ne, yanayin gari, da inda ruwa ya kai. Ka zaɓi alama ɗaya da ba ta motsi, kamar wata giyayya, ka riƙa rubuta taku nawa ne daga gindinta zuwa bakin ruwa. Sai jerin duk abin da ka gane, har da hankaka da shirwa. Mutane na raina rubuta na kullum, alhali su ne ke ba da labari. Ungulu a da ba mahautar da ba ta cika, ba wanda ya damu ya ƙirga ta, yau ga shi tun 2015 tana cikin jerin halittun da ke gab da ƙarewa a duniya, kuma cinikin kanta da ƙafafunta don tsubbu na cikin abin da ya jawo haka. Gauraka ma, da ake ganin garkenta a fadamun arewa, ta kusa zama labari a Najeriya. In ka je ka duba ba ka ga ko ɗaya ba, rubuta sifiri. Sifirin da aka rubuta da kwanan wata shaida ne.

Wanda ba ka gane ba, ka bar shi a "ban gane ba". Ni na taɓa kai wa wani malami suna mai daɗin ji na wani tsuntsu da ba a cika gani ba, ya tambaye ni launin ƙafarsa, na yi tsuru-tsuru. Daga ranar na daina cika jeri da zato.

Ka kama hanya ɗaya da wuraren tsayawa uku ko huɗu, ka riƙa bin su a lokaci ɗaya, ko sau ɗaya a wata ne. Bayan shekara za ka san makon da baƙi ke isowa da makon da suke ɓacewa. Bayan shekara uku littafinka zai iya amsa tambayar da ba wanda ya taɓa amsawa game da wannan gefen tafkin.

Sannan kada ka bar shi a ƙarƙashin katifa. Cibiyar binciken tsuntsaye ta A.P. Leventis da ke Laminga kusa da Jos tana jagorantar aikin taswirar tsuntsayen Najeriya, inda aka raba ƙasa gida-gida, kowane gida kimanin kilomita 9 tsawo da 9 faɗi. Ana so ka yi aƙalla awa biyu a cikin gida ɗaya, ka jera tsuntsaye bi da bi yadda ka gan su, ka aika ta manhajar BirdLasser. Akwai kuma manhajar eBird da ke karɓar jeri daga ko'ina a duniya. Kowane Janairu ana ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya, wadda aka fara tun 1967, kuma dausayin nan na cikin wuraren da ake zuwa. Ka tambayi ma'aikatan gandun ko za ka iya bin masu ƙidayar, kwana biyu da su ya fi wata shida kai kaɗai. In wani mafarauci ko masunci ya nuna maka zoben ƙarfe da ya ciro daga ƙafar tsuntsu, irin wanda masu bincike ke sa wa tsuntsaye, ka kwafi duk abin da ke jiki harafi da harafi, da rana da wurin da aka same shi. Lambar na iya nuna ƙasar da aka sa masa zoben da shekarar.

Abu ɗaya ne ba a watsawa: wurin sheƙa, da inda wani tsuntsu mai tsada a kasuwa ke kwana. In Allah ya nuna maka gauraka ko sheƙar ungulu, ka gaya wa ma'aikatan gandun da masu bincike, amma kada ka ɗora hoton a Facebook da sunan wurin. Ba duk mai karanta shafinka kallo ne ya dame shi ba.

Kafin ka hau mota, ka koma ka yi wa bulama sallama, ka nuna wa ɗan rakiyarka hotunan da ka ɗauka, ka miƙa wa yaran da suka biyo ku madubin su leƙa ɗaya bayan ɗaya, igiyar tana wuyansu. Dattijon nan mai koma, a zuwana na uku, shi ya karɓi madubin da kansa, ya daɗe yana duban tsallake, sannan ya ce, "Ɗana, dinyar nan tara ce, kai bakwai ka rubuta. Biyu na bayan kacala." Na goge, na gyara.